Wane inji da waɗanne ƙafafu suka dace da ƙaramin Spitfire na rimot?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayo samfurin jirgin yaƙi na Spitfire, na katakon balsa marar nauyi, faɗin fikafikansa mita 1.6. Takardar da ta zo da shi ta ce idan an gama haɗawa zai kai kilo 4 zuwa 4.5, kuma yana ɗaukar injin mitanol mai cc 10 zuwa 15, ko na fetur mai cc 15 zuwa 20, ko na lantarki. Na iya tuƙa jirgin koyo, hannuna kuma ya ɗan faɗa da mai fiffike a ƙasa. A wani filin ƙwallo na ƙasa muke tashi a bayan garin Zariya. Wane inji zan saya? Kuma in sa masa ƙafafu masu naɗewa irin na ainihin jirgin, ko in bar su a tsaye?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka sayi injin fetur mai cc 20 wanda salansarsa ke baya, ka fara da ƙafafun waya tsayayyu, kuɗin masu naɗewar kuma ka adana su tukuna. Na san ba abin da kake son ji ke nan ba, don duk wanda ya sayi Spitfire burinsa ya ga ya gifta ta gabansa ƙasa-ƙasa, ƙafafu a naɗe. Za a zo wurin. Amma hancin jirgi shi ke zaɓar inji, filin sauka kuma shi ke zaɓar ƙafa, kuma duka biyun ka riga ka gaya mini su a tambayarka.

Mu fara da hancin. Ainihin Spitfire, wanda ya fara tashi a Ingila a 1936, injin Merlin na kamfanin Rolls-Royce yake ɗauke da shi, mai silinda 12 a jere biyu, wanda ruwa ke sanyayawa. Shi ya sa hancinsa ya fito siriri, ba ƙaton baki a gaba irin na jiragen yaƙin Corsair ko Thunderbolt ko Zero, masu injin da silindarsa ke zagaye suna shan iska kai tsaye. Kai kuwa injin da za ka cusa cikin wannan siririn hanci iska ce ke sanyaya shi. Matsalarka ta farko ke nan, kuma ta fi maganar ƙarfi muhimmanci.

Saboda haka kafin ka tura wa kowa kuɗi, ɗauki ruula ka auna abu uku: daga katakon da ake ɗaure inji zuwa bakin murfin hanci, faɗin murfin daga ciki, da zurfinsa daga inda sandar farfela za ta fito zuwa ƙasa. Masu ƙera injuna suna buga zanen kowane inji da awonsa a milimita, ka gwada da naka. Injin da ya fi tsawo da milimita 10 zai sa ka fasa katakon gaba ka sake gini. Wanda salansarsa ke gefe kuma zai sa ka yanke rabin kumatun jirgin, ka ɓata kyan da ka saye shi dominsa. Dalilin da na ce mai salansa a baya ke nan, irin DLE-20RA na kamfanin DLE, a kafa shi a kife, kan silinda yana kallon ƙasa. Kan filogi da bututun hayaƙi ne kawai za su leƙo ta ƙarƙashin haɓa, inda ido bai cika kai wa ba.

Abu na biyu nauyi ne, kuma a nan sababbin shiga suke yin lissafi a juye. Suna neman inji mafi sauƙin nauyi, alhali samfurin Spitfire ya yi suna wajen fitowa da nauyin wutsiya. Daga fiffike zuwa wutsiya akwai nisa, daga fiffike zuwa hanci kuwa kaɗan ne, don haka giram 10 na fenti ko gam da ya yi yawa a baya sai an biya shi da giram 30 ko 40 a gaba. Wanda ya sa inji marar nauyi, a ƙarshe dalma zai ɗaura a hanci. Tunda dole a ɗauki nauyin, gara ya zama nauyi mai aiki. Injin fetur mai cc 20 da salansarsa da akwatin wutar filoginsa yana kai wa wajen giram 800 da ɗoriya, ga batirin wutar filogi, kuma sau da yawa daidai abin da hancin ke nema ke nan.

Kana iya tabbatarwa tun kafin ka saya. Haɗa jirgin da komai nasa, ƙulla yashi a leda daidai nauyin injin da kake so, ɗaure ledar a inda injin zai zauna, sannan ka kife jirgin ka ɗaga shi da yatsu biyu a wurin da takarda ta nuna ma'aunin nauyi yake, wato inda nauyin gaba da na baya ke daidaita. In wutsiya ta rinjaya da ledar giram 600, ka san ƙaramin inji bai cece ka da komai ba. Idan an zo awo na gaske kuma, tanki babu mai ake yi, kuma a bar hanci ya ɗan sunkuya kaɗan. Jirgin yaƙi mai nauyin wutsiya ba ya yafiya.

To me ya sa cc 20 ba 15 ba, tunda takarda ta yarda da duka? Saboda iskarmu. Ƙarfin inji da ɗagawar fiffike da cizon farfela duk sun dogara ga kaurin iska, kuma ma'aunin da ake lissafin jiragen sama da shi iskar bakin teku ce mai digiri 15. Zariya ta haura mita 600 daga teku. Ka haɗa da zafin watan Afrilu na digiri 40, za ka ga kaurin iskar ya ragu da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Jirgin zai ci fili mai tsawo kafin ya ɗaga, zai sauka da gudu fiye da yadda ka gani a bidiyon Turawa, injin kuma zai fi saurin zafi. Wanda ke Jos, a sama da mita 1,200, abin da ya samu na sanyi ya biya shi da tudu. Duk inda takarda ta ba ka zaɓi tsakanin ƙarami da babba, a ƙasarmu babban za ka ɗauka. Amma kada ka zarce. Mai cc 30 a wannan jirgi zai girgiza katakon har gam ya saki, farfelarsa ta yi kusa da ƙasa, nauyin da fiffike ke ɗauka ya ƙaru, kuma duk nauyin da ka ƙara ƙafafu ne za su sha shi ranar sauka.

Injin mitanol ba ni da abin zarginsa da shi ta fuskar aiki. Na O.S. da na Saito, duka 'yan Japan, injuna ne na ƙwarai, kuma Saito mai bugu huɗu yana da wata murya mai kauri wadda ta fi dacewa da jirgin yaƙi fiye da kukan mai bugu biyu. Matsalar man ce. Haɗin mitanol ne da naituro, wani sinadari mai ƙara ƙarfi, da man shafawa, ba a sayar da shi a gidan mai, ba a yarda a ɗauko shi a jirgin sama kamar sauran kaya, kuma in ya daɗe a buɗe yana tsotsar danshin iska ya lalace. Ga shi mitanol kusan rabin ƙarfin fetur gare shi, don haka injin yana sha sosai. Idan aka kife shi kuma aka kafa tanki sama da kafireta, mai ya dinga kwarara ke nan yana jiƙa filogi. Kafiretar injin fetur tana da famfonta a ciki, ba ruwanta da inda tanki yake.

Fetur kuwa ga shi ko'ina, man haɗi na inji mai bugu biyu ma haka. Kashi 30 na fetur, kashi 1 na mai ake haɗa wa DLE, wato wajen mililita 33 a lita guda. In Saito na fetur ka samu, shi ya fi son mai, kashi 20 da 1. Ka nemi man haɗi mai kyau na injin da iska ke sanyayawa, kada ka zuba baƙin man mota kamar yadda wasu ke yi wa ƙaramin janareta. Fetur ɗin 'yan bumburutu kuma, in ya zama dole, ka tace shi sau biyu, don ramukan kafiretar nan ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe su. Tiyon silikon da ke zuwa cikin kwalin jirgi na mitanol ne, fetur yana kumbura shi. Ka sauya shi da tiyon Tygon, mai jure fetur, har da toshiyar bakin tankin.

Na lantarki fa? Shi ne mafi tsabta, ba girgiza, ba yanka murfin hanci, kuma ba ya mutuwa a sama haka kawai. Jirgi mai kilo 4.5 yana son wat 1,100 zuwa 1,300, wato batirin LiPo, irin na litiyam da ake caji, mai ɗaki 6, bolt 22.2, mai mAh 5,000, da na'urar ESC, wadda ke sarrafa gudun injin, mai amfiya 80. Minti 6 ko 7 za ka samu a kowane batir. In kana da sola a gida da hanyar samun batir mai kyau, ban hana ka ba. Sai dai ka sani LiPo ba ya shiri da zafi, wanda aka bari cikin mota a rana zai kumbura, kuma batir biyu ko uku na wannan girman sun kusa kuɗin injin fetur ɗin gaba ɗaya.

Dawo kan sanyaya injin, don nan ne jirage masu kyau ke mutuwa. Mutane suna faɗaɗa ƙofar shigar iska su manta da ta fita. Iskar da ba ta da mafita ba ta shiga, kuma wadda ta yi zafi tana buɗewa, tana neman hanya mafi faɗi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce mafita ta ninka mashiga sau biyu zuwa uku. Ka buɗe ƙaramar ƙofa daidai gaban haƙarƙarin silinda, ka buɗe babba a ƙasa ta baya, ka manna ɗan siririn filawud a ciki yadda iskar ba ta da hanyar wucewa sai ta tsakanin haƙarƙarin. Alamar zafi a bayyane take: inji yana kuka lafiya a ƙasa, minti uku da tashi sai murya ta fara dishewa, in ka ja maƙura baya ya mutu. Mutum ya yi ta murɗa allurar kafireta, alhali ba nan cutar take ba. Tunda kafiretar wannan injin a baya take kusa da salansa, ka tabbata iskar da take shaƙa ba ta salansar ba ce. Lokacin hunturu kuma shimfiɗa tsohuwar tabarma ko buhu a ƙarƙashin hanci kafin ka tayar, in ba haka ba farfela za ta kwashi ƙura ta ɗura wa injin.

Farfela mai kunne biyu, 16x8, ta katako ko ta roba mai ƙarfi, ita za ka fara da ita. Mai kunne uku ko huɗu ta fi kama da ta gaske, amma sai an rage tsawonta da inci ɗaya ko biyu, kuma duk kifewar hanci sai ta karye. Ka ajiye ta don hoto.

Yanzu ƙafafu, inda na fi son ka saurare ni da kyau. Jiragen yaƙin wancan zamani ba tsayuwa ɗaya suke yi ba. Mustang da Thunderbolt da Focke-Wulf 190 ƙafafunsu a can cikin fiffike aka kafa su, suna naɗewa ciki wajen gangar jiki, don haka a ware suke tsayawa. Spitfire da abokin gabarsa na Jamus, Messerschmitt 109, nasu a kusa da ciki aka kafa, suna naɗewa waje. Tsayuwarsu a matse take, kamar mai tallan da ta ɗora babban faranti a ka tana bin kunyar gona ƙafa a haɗe: ɗan tuntuɓe kaɗan, gefe guda ya taɓa ƙasa. Ga kuma saurin kifewa ta hanci. Ainihin jirgin ma haka yake, har ma'aikatan ƙasa kan hau wutsiyarsa su danne idan zai bi fili marar kyau ko ana iska. A 1945, a sansanin Hibaldstow na Ingila, wani matuƙi ya manta ya tashi da wata ma'aikaciya, Margaret Horton, tana maƙale a wutsiya, ya zaga ya sauko da ita da ranta. In mai tan uku yana wannan hali, to ina ga na kilo huɗu da rabi a filin da awaki suka tattaka da damina?

Ramin taya a fiffiken samfurinka ba zai ɗauki abin da ya wuce milimita 75 ko 80 ba. A kan kwalta ya wadatar. A filin ƙwallo mai tsakuwa da tushen ciyawa, kowane ɗan dutse birki ne ga taya irin wannan. Tayar ta tsaya, jirgin bai tsaya ba, ƙarfin ya bi ƙafar ya hau zuwa inda aka ɗaure ta. Ɗayan biyu ne zai faru: ko na'urar naɗewar ta fashe, ko ta fizge katakon da take kai ta tafi da haƙarƙarin fiffike biyu. Na biyun ya fi ciwo, don gyaransa sai an farke rufin fiffiken.

Ga yadda za ka yi. Yanki farantin filawud mai kaurin milimita 6, ko na alminiyam, daidai girman gindin na'urar naɗewa, mai ramukan sukuru iri ɗaya. A jikinsa za ka kafa ƙafar wayar ƙarfe mai tauri, irin mai dawowa in an lanƙwasa, kaurin milimita 5, da naɗi ɗaya a sama don ta riƙa shanye duka. Rodin gini ko ƙarfen walda ba zai yi ba, yana lanƙwashewa ya zauna. Sa taya mai milimita 90, mai laushi. Da yake ba ramin da za ta koma, kana da 'yancin abu biyu da mai naɗewa ba shi da su: ka ɗan ware ƙafafun waje, ka kuma tura su gaba. Ɗaga wutsiya har jirgin ya miƙe kamar yana sama, ka leƙo daga bisa. Sandar taya ta kasance daidai bakin fiffike na gaba, ko ta ɗan wuce shi kaɗan. In tana baya da haka, hanci zai yi ta cin ƙasa. In ta yi gaba da yawa, jirgin zai riƙa tsalle a sauka yana wulwula wutsiya. Tayoyin kuma gabansu ya ɗan kalli juna da digiri ɗaya ko biyu, yana taimaka masa ya miƙe a gudu.

Ranar da aka samu fili mai kyau, sukuru huɗu za ka kwance a kowane gefe ka zura masu naɗewa. Amma katakon da za su zauna a kai, tun yanzu za ka ƙarfafa shi, kafin ka rufe fiffike. Gam ɗin da masana'anta ke sa wa a wurin sau da yawa ɗigo ne kawai. Ka bi kowace kusurwa da gam ɗin epoxy mai jinkirin bushewa, na minti 30, ka ƙara 'yan katakai masu kusurwa uku, in ka samu ƙyallen gilashi ka shimfiɗa.

Idan lokacin sayen ya yi, iri uku za ka tarar. Akwai na sanda, wanda sarbo guda ke ja, wato ɗan injin da ke motsawa da umarnin rimot. Yana da araha da sauƙin nauyi, amma saitinsa akwai cin rai, kuma in bai kulle sosai ba ƙafar tana komawa ciki a tsakiyar sauka. Akwai na iska, irin wanda kamfanin Robart na Amurka ya yi suna da shi, mai ɗan tanki da ake bugawa da famfo zuwa wajen psi 100. Yana da ƙarfi, manyan jirage shi suka daɗe suna amfani da shi, sai dai ƙurarmu tana cin robobin da ke riƙe iskar, kuma yoyon da ba ka ji ba a ƙasa a sama za ka gane shi. In shi za ka saya, nemi wanda sifirin ke turo ƙafar waje idan iska ta ƙare. Na ukun na lantarki ne, kowace ƙafa da ɗan injinta, ka soka waya kawai. Ga jirgi mai girman naka shi na fi so, bisa sharaɗi: guntun da ke riƙe ƙafar ya zama na ƙarfe, ba roba ba, kuma ka sayi wanda aka rubuta wa kilo 6 ko 7, ba wanda aka rubuta wa daidai nauyin jirginka ba. A nan kam araha ba ta ado. Ka duba kusurwar buɗewarsa ma, akwai mai digiri 85, akwai 90, akwai 95, kuma zanen jirginka ne zai gaya maka wanda zai sa tayar ta kwanta daidai cikin raminta. Masu samfurin jiragen Corsair da P-40 nasu daban ne, ƙafar tana juyawa ta koma baya, shi ya sa su ake auna musu nauyi ƙafa a naɗe.

Abu biyu game da na lantarkin. Kada ka shafa wa zaren sukurun cikinsa giris, yana kama yashi ya zama abin nika. Garin bakin fensir ya fi, ko a bar shi a bushe ana hure shi bayan kowace fita. Sannan kada ya sha wuta daga batirin da risiba, wato na'urar da ke karɓar umarnin rimot a cikin jirgin, ke sha. Ƙafar da ta maƙale tana jan wuta da yawa, kuma in risiba ta ɗauke ko na daƙiƙa biyu ne, ba ƙafa kaɗai ka rasa ba. Ƙafafun alminiyam masu sifirin a ciki, masu kama da na gaske, suna shanye dukan da ya zo daga ƙasa tsaye, amma ba sa lanƙwasa baya idan taya ta ci karo da dutse. A fili irin namu wayar ƙarfe ta fi su, ita ce za ta lanƙwashe ka miƙe ta da hannu, fiffike ya tsira.

Rabin karyewar ƙafa kuwa daga yatsan mai riƙe da rimot take. Idan za ka tashi, ja sandar elebeta, wato mai ɗaga hanci da sunkuyar da shi, baya don wutsiya ta danne ƙasa, ƙara wuta sannu a hankali, kada ka banka gaba ɗaya. Juyin farfela zai ja hancin hagu, ka tare shi da roda, wato sitiyarin wutsiya, zuwa dama tun kafin ya karkata. Da gudu ya kankama ka saki elebeta wutsiya ta ɗago, ka bar shi ya ƙara gudu a kan tayoyi biyu. Wanda ya fizge Spitfire sama da wuri, fiffiken hagu zai faɗi ya kife a gabansa. A sauka kuma kada ka kashe wuta ka jira shi ya yi lilo kamar jirgin koyo. Da 'yar wuta ake shigowa, a ɗora tayoyin gaba biyu, a bar wutsiya ta sauka da kanta, sannan a ja elebeta.

Ka sa makashin wuta wanda za ka iya kashe injin daga rimot, don farfelar inci 16 ba ta san yatsa ba, kuma ka san yadda yara ke cika fili da sun ji ƙara. Akwatin wutar filogi da batirinsa su yi nesa da risiba gwargwadon yadda ciki ya ba da dama. Sannan jirgi ne mai fentin soja a yankin da ake fama da matsalar tsaro. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya, NCAA, tana da ƙa'idoji kan jiragen da ba matuƙi a ciki, ka nemi sanin abin da ya shafe ka, ka nisanci filin jirgin kwalejin koyon tuƙi da ke nan Zariya da barikokin soja, kuma ka gabatar da kanka ga mai unguwa da 'yan sandan yankin tun kafin ranar tashin farko.

Injin kuma kada ranar tashin ta zama ranar da zai fara aiki. Ɗaure shi a benci ko a jikin jirgin ba murfin hanci, ka ƙona tanki biyu ko uku yana ɗan shan mai da yawa, kana hawa da sauka da wutar. Daga nan ka mayar da murfin, wani ya riƙe maka jirgin, ka ba shi cikakkiyar wuta na minti ɗaya, ka ja baya farat ɗaya. In ya zauna yana bugawa a hankali bai mutu ba, ka ɗaga hancin sama ka sake gwadawa. Bayan an kashe, bi kowane sukuru na inji da na salansa da na ƙafafu ka sake ɗaurewa, don girgizar tankin farko tana kwance su.